Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar yanzu fetur take sha

Ranar da na fara shiga Durun da ƙaramar motata, babu yaron da ya biyo ni da gudu. Wannan ne abu na farko da na lura da shi. A da, da zarar hancin motata ya ɓullo ta bakin gari sai ka ga yara sun yo caa, wasu na shafa jikinta, wasu na duba fuskokinsu a gilashi. A wannan rana kuwa ɗaga kai kawai suka yi suka dube ni, suka ci gaba da wasansu, a zatonsu wani ɗan kabu-kabu ne ya kawo fasinja. Na tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, na fito. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana zaune a kan tabarma tare da abokan hirarsa. Bayan mun gaisa, ya dubi motar, ya dube ni, ya sassauta murya ya ce, "Malam, lafiya dai ko? Ina motar?"

Na ce, "Kawu, ai ga ta nan."

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Allah Ya mayar da alheri."

Mai karatu ya san wa ake yi wa wannan addu'a. Ana yin ta ne ga wanda gobara ta cinye wa rumbu, ko ɓarayi suka kore wa shanu. A idon Kawu, da idon duk wanda ke kan tabarmar nan, mutumin da ya tafi da babbar mota ya dawo da ƙarama karayar arziki ce ta same shi. Kafin magariba labari ya zaga gari, har samari sun raɗa wa motar suna, wai akurkin Malam. Ban yi musu da kowa ba. Amma tun daga ranar nake son in rubuta yadda aka yi na shiga akurkin nan da ƙafata, domin na san ba ni kaɗai ba ne abin da ya same ni ya sama.

Ni ɗan Durun ne, a ƙaramar hukumar Kabo, can yammacin Kano, maƙwabtan Gwarzo. Aiki ne ya kai ni birni, inda nake koyarwa a wata kwaleji. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ƙi yarda ta baro ɗakinta ta dawo wurina. Takan ce birni ba shi da sararin da mutum zai shanya kuɓewa, kuma ba za ta bar kajinta da maƙwabtanta ba. Saboda haka tun da na fara aiki na ɗora wa kaina zuwa gida kowace Asabar.

A shekarar 2019 na haɗa kuɗin adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata na sayi mota 'yar Kwatano, baƙa wuluk, doguwa, mai silinda shida. In zan faɗi gaskiya, ba yawan iyali ne ya sa na zaɓe ta ba, domin 'ya'yana uku ne, kuma ƙanana ne a lokacin. Ba kaya nake ɗauka ba balle in ce don su ne. Na saye ta ne don idan na tsaya a ƙofar gidanmu a san cewa karatun da aka sayar da awaki aka ɗauki nauyinsa bai tafi a banza ba. Kuma an sani ɗin. A wurin ɗaurin aure akan matsa mini a sahun gaba. Maigadin da a da yake tambayata wurin wa na zo, ya koma buɗe mini ƙofa tun kafin in yi oda.

Kowace Asabar da safe nakan ɗebi iyali daga Rijiyar Zaki, mu hau titin Gwarzo, mu wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, mu wuce Janguza da Rimin Gado, har mu ratse zuwa gida. Da la'asar in leƙa Gwarzo in gaida gwaggona, sannan mu kamo hanyar birni. Tafiyar gaba ɗaya kusan kilomita 150 ce a ma'aunin mota, kuma takan cinye kimanin lita 22 na fetur. A wancan lokaci ban taɓa zama na lissafa ba. Lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, don haka da naira dubu huɗu da 'yan kai an je an dawo. Mai na shiga tanki kamar ruwan rijiya, ba wanda ke tambayar guga nawa aka ja.

Sai ranar 29 ga Mayu, 2023. A jawabinsa na kama mulki a Abuja, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cewa tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500. Kafin ƙarshen Yuli ta haura 600. Tafiyar da nake yi da dubu huɗu ta koma dubu goma sha biyu, ta koma kusan dubu goma sha huɗu, alhali albashi yana nan inda yake, buhun shinkafa da kuɗin makaranta kuwa sun bi sahun fetur. Ba zan shiga gardamar ko cire tallafin daidai ne ko kuskure ba, masana sun yi ta a wannan shafi har sun gaji. Abin da na sani shi ne abin da ya faru a gidana.

Da farko na ce bari mu riƙa zuwa bayan mako biyu-biyu. Daga nan ya koma sau ɗaya a wata. Daga nan na fara zuwa ni kaɗai a motar haya daga Kabuga, a cikin Golf ɗin nan da ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, domin kuɗin motar mutum biyar zuwa da dawowa ya kusa kamo kuɗin man. Yara suka daina ganin kakarsu. Daga baya ni ma ƙafata ta ɗauke, na koma gaisuwa ta waya. Ita kuwa babbar motar tana ƙofar gida a lulluɓe da tamfol, ana wanke ta ranar Juma'a, ana fita da ita idan akwai biki ko wani taron da za a gan ni. Na zama kamar mai kiwon doki a shekarar fari: ba ya iya ciyar da shi, ba ya iya rabuwa da shi saboda kunyar idon mutane.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Wanda ya tashi a ƙauyen Hausa ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, ba ta haɗa ido da ni, ba ta kuma taɓa cewa ta yi kewata. Idan na kira ta a waya, gaisuwar ba ta wuce minti ɗaya, sai ta miƙa wa ƙanwata. Wannan alkunya ta zama mini mafaka. Tunda ba ta yi ƙorafi ba, sai na gaya wa zuciyata cewa babu komai.

Wani dare cikin watan Agusta na 2024, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ana tsaka da ruwa, ƙanwata ta kira ni tana kuka. Zazzaɓi ya rufe Inna tun da rana, ga amai, yanzu kuma ba ta gane mutane. Na yaye tamfol, na tayar da mota, sai na ga allurar mai tana kwance a kan ja. Lokacin ana fama da dogayen layuka a gidajen mai, waɗanda ke kusa da mu duk sun rufe. Na bi 'yan bumburutu. Na samu galan biyu a wurin wani yaro da ya fake a rumfar shago, a farashin da ba na son tunawa. Lita takwas ke nan. Ga motar da lita ɗaya ba ta kai ta kilomita bakwai cikakku, ba zan yi kasadar kama hanyar dare da wannan ba, domin idan na isa dole in wuce da mara lafiya asibiti. Kuɗin hannuna sun ƙare, masu cirar kuɗi sun tashi. Sai da na buga wa maƙwabcina ƙofa ya ranta mini, na sake zagaye neman wani mai jarkar. Awa biyu suka tafi a haka.

Da na isa Durun ƙarfe biyu ta wuce. Gidan babu kowa sai yara. Ashe da suka ga shiru, ɗan maƙwabcinmu ya ɗauki Inna a kan babur, ƙanwata ta riƙe ta ta baya, suka lulluɓa mata leda, suka bi cikin ruwa da taɓo zuwa asibiti. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, wadda ɗanta ke da motar da duk gari ke magana a kanta. A can na same su, an sa mata ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Allah Ya yi da sauran kwana, bayan kwana huɗu aka sallame ta.

Ranar da muka mayar da ita gida na zo da iyali gaba ɗaya. Da za mu tafi, sai ta kira babbar 'yata, ta kwance haɓar zaninta, ta ciro kuɗi a dunƙule ta sa mata a hannu. Tana kallon ƙasa ta ce, "Ungo, ki ba babanku ya ƙara ya sha mai. An ce abin ya yi tsada."

Naira dubu shida ne, tsofaffin takardu masu ƙanshin man gyaɗa, kuɗin ƙuli-ƙulin da take yi tana tarawa. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ce na yi watsi da ita ba. Ta dai nuna mini cewa ta san dalilin da ya hana ni zuwa, kuma a shirye take ta biya. Ban iya cewa komai ba har muka iso Janguza. Uwargida ce ta katse shirun, ta ce, "Malam, motar nan fa ba uwarka ba ce." A daren na yanke shawara.

Na je wurin bakanikena, wani dattijo da garejinsa ke wajen Ƙofar Ruwa, wanda ya fara koyon aiki tun zamanin Peugeot 404. Na gaya masa abin da nake so. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, mota iri biyu ce. Akwai wadda kake hawa, akwai wadda take hawanka. Ka daɗe a ƙasa." Ya ce in nemi mai ƙaramin inji, mai giyar hannu, wadda kowane bakaniken ƙauye ya san cikinta, kuma kayan gyaranta ke zube a kasuwa. Sayar da babbar bai zo da sauƙi ba. Dillalai suka riƙa yi mata tayin wulaƙanci, domin kowa gudun mai silinda shida yake yi, ƙananan kuwa da a da ake raina su sun yi daraja. Duk da haka abin da na samu ya ishe ni na sayi ƙaramar, na yi mata gyara, na kuma rufe ragowar bashin da ke kaina.

Toyota Starlet ce ƙirar 1997, ta hannu, irin mai yankakken bayan nan da but ɗinta ke haɗe da wurin zama, ana ɗaga ƙofar bayan sama. Injinta lita 1.3 ne, silinda huɗu, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Kamfanin ya daina ƙera irinta tun 1999, ya maye gurbinta da Yaris, amma har yau tana cike da titunanmu, kuma wanda ya taɓa zuwa Yamai ya ga yadda masu tasi suka riƙe ta. Kafin mu biya kuɗi dattijon nan ya shafe awa guda yana bincike. Ya sa aka taka totur yana kallon salansa, ya ce shuɗin hayaƙi alama ce ta injin da ke shan baƙin mai. Ya buɗe lagireto ya duba ko mai ya gauraya da ruwa. Ya kwanta a ƙarƙashinta yana neman tsatsa da tabon walda. Sannan ya sa na gwada lambar jikin mota da wadda ke cikin takardu. Ina ba duk mai niyyar sayen tsohuwar mota shawarar kada ya je shi kaɗai, kuma kada bakaniken da zai duba ta ya zama abokin dillali.

Tun daga ranar na ajiye ɗan littafi a aljihun mota. Hanyar awon mai sauƙi ce, kowa zai iya. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar kilomita. Ka yi zirga-zirgarka. Idan ka koma ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da yawan litar da ta shiga. Abin da littafina ya nuna shi ne, a kan doguwar hanya lita ɗaya tana kai ni kusan kilomita 15, a cikin cunkoson birni kuma wajen 12. Tafiyar Asabar da ke cin lita 22 ta koma lita 10. A watan Oktoba na 2024, lokacin da lita ta haura naira 1,000, bambancin ya zama naira dubu goma sha biyu a kowace tafiya, wato dubu arba'in da takwas a wata. Mai karatu ya auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta sanar a wannan shekarar. Kashi biyu cikin uku na albashin wani bawan Allah nake ƙonawa a wata don kawai a ce ga motar wane. Farashin ya riƙa hawa yana sauka daga baya, amma bai koma inda ya baro ba, kuma ban ga alamar zai koma ba.

Babu wani sihiri a cikin lamarin. Mai da mota ke sha yana tafiya ne wajen jan nauyinta, da ture iskar da ke gabanta, da juya injin kansa. Babbar motata ta haura tan ɗaya da rabi, injinta ya ninka na wannan fiye da sau biyu. Mutum mai nauyin kilo saba'in ne ke jan wannan ƙarfe duka don ya je sayo burodi. Sauran kuma yana ƙafar direba. Turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: idan ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Shi ya sa na daina wuce 90 a titin Gwarzo, kuma abin da nake asara bai fi 'yan mintoci ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan mai. Matatar iskar da ƙurar hunturu ta toshe tana jan mai. Haka tsofaffin fulogi, haka barin inji yana aiki ana tsaye ana hira, haka fizgar mota da taka birki a kowane mita ɗari. Waɗannan abubuwa ne da arhar mai ta hana mu koyo.

Ba mu muka fara shiga wannan makaranta ba. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka taƙaita sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Amurkawa da suka saba da motoci kamar jiragen ruwa suka shiga layin mai, suka fara waiwayar ƙananan motocin Japan irin su Honda Civic. A 1974 kamfanin Volkswagen ya fito da Golf, kakar waɗannan da ke jigila tsakanin Kabuga da Gwarzo a yau. A Japan, ƙasar da ta fi mu arziki nesa ba kusa ba, kimanin sulusin sababbin motocin da ake saya 'yan mitsi-mitsi ne da doka ta taƙaita injinsu a kan cc 660, kuma ba a jajanta wa mai su. A Indiya, gwamnati ta haɗa hannu da kamfanin Suzuki aka fito da Maruti 800 a 1983, ta zama motar farko ga miliyoyin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa.

Sai dai a Indiyar ne kuma aka ga ɗaya fuskar, wadda ta fi kama da tamu. A 2008 kamfanin Tata ya gabatar da Nano, aka yi ta shelarta a matsayin mota mafi arha a duniya. Aka ɗauka za a yi rububinta. Bayan kimanin shekara goma aka daina ƙera ta. Cikin dalilan da aka fi ambata har da wannan suna da aka laƙaba mata, domin ba mai son a nuna shi a ce ga mai motar talakawa. Ashe ciwon Kawu ba na Durun kaɗai ba ne.

Mu ma a nan mun taɓa sanin darajar ƙaramar mota. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, aka kuma fara haɗa Volkswagen a Legas, ciki har da Beetle wadda Yarabawa suka raɗa wa Ijapa, wato kunkuru. Dattawanmu suna ba da labarin yadda malamin makaranta ko malamin asibiti ke karɓar bashin mota ya sayi sabuwa dal, ya biya a hankali daga albashinsa. Yau wannan ya zama tatsuniya. Toyota ta dawo da sunan Starlet a kasuwannin Afirka a 2020, a kan motar da Suzuki ke ƙerawa a Indiya, amma farashinta miliyoyi ne da malamin makaranta ba zai tara ba ko zai shekara goma yana azumi. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. A ranar 1 ga Janairun 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. Sakamakon shi ne, mai ƙaramin ƙarfi da ke neman motar da ba ta shan mai ba shi da zaɓi sai wadda ta girmi ɗalibansa.

A nan nake ganin hukuma tana da abin yi. Idan an cire tallafi daga mai, ya kamata a sauƙaƙa wa mutane hanyar rage shan sa. A sassauta kuɗin fito a kan motoci masu ƙaramin inji waɗanda ba su tsufa ba, a ɗora nauyin a kan manyan da masu hali ke shigo da su don ƙawa. A dawo da bashin mota mai sauƙin biya ga ma'aikata, a ɗaure shi da sharaɗin ƙaramar mota. Shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 abu ne mai kyau, amma mutumin Kabo ko Gwarzo zai tambaya: a ina zan sha gas ɗin idan na bar birni? Kuma tukunyar gas ɗin, idan aka sa ta a mota irin tawa, ta cinye wurin da zan sa buhu.

Ba zan yaudari mai karatu in ce akurkina ba shi da aibu ba. Ƙaramar mota ƙaramar mota ce. Idan tirela ta wuce ni a guje nakan ji iska ta girgiza mu, kuma na san cewa a haɗari tsakanin babba da ƙarami, ƙarami ne ke shan kashi, balle tsohuwar ƙira da ba ta da kariyar motocin zamani. Shi ya sa na daina tafiyar dare sai da larura, na kuma wajabta wa kowa ɗaura bel. Cikinta a ƙasa yake, don haka da damina, idan aka bar kwalta, sai an bi a hankali, wani lokaci sai yara sun sauka an lallaɓa an wuce kwari. A watan Afrilu zafi ba ya raga mana. Yarana sun fara girma, gwiwoyinsu na taɓa kujerar gaba. Tsufa kuma ba ya ɓuya, kusan kowane wata akwai ɗan abin da za a taɓa, ko da yake kuɗin gyaran bai kai rubu'in na waccan ba. Wanda ke da iyali goma, ko manomin da ke ɗaukar taki da amfanin gona, wannan ba motarsa ba ce. Kuskuren da muke yi shi ne mu sayi ƙarama mu ɗora mata aikin babba, mu cusa mutum bakwai da buhu huɗu, sannan mu ce ba ta da ƙarko. Abin da nake kira gare shi shi ne daidai ruwa daidai tsaki.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin da muke auna mutane da shi. Mun mayar da mota rawani. Ana neman aure da ita, ana neman bashi da ita, ana ba mutum wurin zama gwargwadon tsawonta. Na san abokan aiki da har yau motocinsu ke lulluɓe a ƙofar gida, suna hawa A Daidaita Sahu zuwa ofis a ɓoye, sun yanke zuwa ƙauye, sun yanke zuwa gaisuwar rasuwa da dubiya, amma ba za su iya jure a ce sun sauko ba. Ga ɗalibaina da ke shirin kama aiki, ga abin da nake gaya musu: kafin ka tambayi kuɗin mota, tambayi kuɗin riƙe ta. Ka lissafa kilomitar da za ka yi a wata, ka lissafa man da za ta sha, ka ɗora gyara da takardu, ka ga ko albashinka zai ɗauka ba tare da ka tauye hakkin wani ba. Mutanen da kake son burgewa ba za su zuba maka ko lita ɗaya ba ranar da aka kira ka da tsakar dare.

Yanzu kowace Asabar muna hanya. Maigadin nan ya koma tambayata wurin wa na zo, kuma a wurin ɗaurin aure inda na samu nan nake zama. Da kaka na kwantar da kujerun baya na ɗauko buhu biyu na dawa da ƙullin gyaɗa. Kawu da kansa ya nemi in rage masa hanya zuwa Gwarzo. Da ya shiga ya miƙe ƙafa, ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya ce, "Ashe akurkin nan yana da ciki." Samari ba su janye sunan ba, ni ma na karɓe shi.

Naira dubu shidan Inna kuwa ban taɓa su ba sai ranar da na karɓi makullin ƙaramar motar. Da su na fara zuba mata mai. Lita shida suka saya, abin da a waccan motar ba zan yi kasadar kama hanya da shi ba. Suka kai ni Durun har da saura.

Makonni bayan haka, muna shirin tafiya da yamma, na ji Inna tana magana da 'yata a bakin zaure. Ba da ni take ba, kamar yadda ta saba. Ta dubi motar da ke gindin darbejiya, ƙura ta rufe ta, ta ce, "Wannan ta fi waccan sanin hanya."

Allah Ya bar mu da iyayenmu, Ya ba mu ikon sauke hakkinsu tun suna raye.